Abin da aikin asibitin ƙauye ya koya mini game da yunwar tsofaffi

A ƙaramin asibitin da nake aiki a karkarar Jigawa, muna da zaren awon dantse na gano tamowa a jikin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Tsoho kuwa jininsa kawai muke aunawa, mu ba shi ƙwaya, mu ce ya sha bayan ya ci abinci. Ko akwai abincin, babu gurbin wannan tambaya a katinsa.

In na ce, "Iya, kin karya?" amsar ba ta canzawa: "Alhamdu lillahi, 'yar nan." Kunya da kara ba za su bar ta ta tona asirin ɗanta ba. Sai na koyi bi ta gefe: me aka dafa jiya da dare, wa ya kai niƙa, wa ya kawo itace? A nan zan ji ɗan yana cin rani a Legas, ɗan tuwon da aka aiko kuma jikoki ta tura wa. Mai shan maganin ciwon suga a wannan hali jiri na iya kayar da ita, a ce tsufa ne.

Abin ya fi tsanani a Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a yankin Haɗejiya, Auyo da Kafin Hausa, cire tallafin mai a 2023 kuma ya ɗaga kuɗin kwanon hatsi da na niƙa.

Mutanenmu ba marowata ba ne. Da kaka ana fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma a noman damina, tsofaffi suna samu. Amma damin gero a hannun tsohuwar da ba ta iya ɗaga taɓarya bai zama abinci ba tukuna. Akwai sussuka, surfe, niƙa, ruwa, itace, kowanne ƙarfi yake so ko kuɗi. Wata sai ta sayar da rabi don ta sarrafa rabi, kuma da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Wannan yana ci mini rai.

Shi ya sa nake ganin ciyayya ta fi kowane tallafi isa cikin tsoho. Kwano ne ke fita daga gida zuwa gida, mai karɓa ba ya jin an mai da shi mabaraci. Yanzu in na ga tsohuwa tana ramewa, maƙwabta nake nema, mu tsara gidan da zai aika koko da safe da wanda zai aika tuwo mai laushi da miya, don haƙoran sun tafi. Matan da ke zuwa awo muna koya musu haɗa garin gero, waken suya da gyaɗa saboda yara, nakan ce su dama har da na Iya. Liman da mai unguwa kuma ina roƙonsu su nemi masu hali su ware wani hatsi na sadaka, a ajiye shi sai tsakiyar damina, a niƙa kafin a raba.