Na sa wa motata fitilar HID, amma sai da muka farke gidan fitilar

Motata Corolla ce ta 2006, 'yar Amurka, irin wadda ta cika titunan Kano. Injinta lafiya lau, matsalarta ɗaya ce, da magariba ta yi sai gani ya gagara. Aikina yana yawan kai ni Haɗeja, kuma ba kullum nake samun dawowa da rana ba. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake nufi. Kwalta ɗaya masu zuwa da masu dawowa ke rabawa, ga ramuka, ga babura marasa fitilar baya, ga amalanken shanu a gefen titi, ga tirelar da ta lalace aka jera mata ganye a madadin alama. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, don haka abin da ba ka hango da wuri ba, kafin ƙafarka ta kai birki ka riga ka iso shi.

Duk wanda na yi wa kuka sai ya ce in sa HID, farar fitilar nan da wasu ke ce wa zenon. Na tafi wajen mai wayarin da ke duba mini mota tun da na saye ta, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, Baba muke ce masa. Bai hana ni ba, amma ya ce, "Alhaji, bari mu fara duba abin da ke jikinta tukuna." Murfin fitilar na roba ne, rana ta ƙona shi ya yi rawaya ya dushe. Yaronsa ya bi shi da sandafefa da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan ya fesa masa abin kariya, domin in ba a fesa ba cikin 'yan watanni zai koma gidan jiya. Shi kuma Baba ya sa mita ya auna wuta a kan batir, ya auna a soket ɗin ƙwan, ya tarar da giɓi. Wayar at, wato wadda ke mayar da wuta ta ƙarfen mota, ita ce ta yi tsatsa a inda ta kama jikin motar. Ƙwan halojin, irin wanda motar ta zo da shi, ba ya haƙuri da ƙarancin wuta: in abin da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, haskensa kan ragu da kusan kashi 30. Da yawa daga masu kuka da fitila nan ciwonsu yake, kuma da za su yi wannan gyaran kaɗai da sun huta.

Tawa ta yi sauƙi, amma ba ta kai yadda nake buƙata ba. Ƙwan dim na wannan Corolla lambarsa 9006, yana cin wat hamsin da 'yan kai, haskensa kuma bai wuce lumen 1,000 ba ko yana sabo (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Ƙwan HID na wat 35 yana ba da kusan 3,000. Wuta kaɗan, haske ninki uku, shi ya sa mutane ke rububinsa.

Bambancinsu daga tushe ne. Halojin siririyar waya ce a murɗe, wuta na gasa ta har ta yi fari. HID ba shi da wannan wayar. Wasu ƙarafa biyu ne masu tsini ke fuskantar juna, tsakaninsu kamar milimita 4, a cikin ɗan ƙoƙon gilashi da aka ɗura wa iskar zenon da gishirin wasu ƙarafa, wutar kuma tsallakawa take yi daga wannan tsinin zuwa wancan. Kafin ta fara tsallakawa sai an buga mata sama da bolt 20,000, in ta kama sai ta zauna a wajen bolt 85. Ɗan akwatin da ake ce wa balas shi ke wannan aikin daga batirin bolt 12. Ba sabon abu ba ne, tun 1991 BMW ta fito da shi a jikin 7 Series, sai dai ita ta ƙera gidan fitilar ne musamman dominsa. Abin da ake sayar mana a kwali ƙwai biyu ne da balas biyu, an yi wa gindin ƙwan siffar na halojin don ya shiga ramin da ba nasa ba.

Ban gane girman wannan maganar ba sai da Baba ya nuna mini. Bayan isha ya ja motar ya fuskantar da ita bangon wani sito. Ya bar halojin a hagu, ya zura ƙwan HID a dama cikin tsohon gidan, ya kunna. Gefen halojin haskensa ya kwanta a bango, ya tsaya daidai tsayin bonet. Gefen HID kuwa ya watse, dunƙule nan, duhu can, wasu harsuna sun haura har indararo. Ya ce, "Alhaji, taka can gaba, ka durƙusa kamar kana zaune a mota, ka dubo mu." Na yi nisa na durƙusa. Nan take idona ya kawo ruwa. Yaron Baba yana tsaye a jikin ƙofar motar da farar riga, amma ko inuwarsa ban gani ba, sai da ya yi magana na san yana wurin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Madubin da ke cikin gidan halojin an lanƙwasa shi ne daidai da tsawon wannan siririyar wayar da inda take zaune. Wutar HID tana yin baka ta ɗan ɗaga sama, kuma ta fi ƙarfi a bakin tsinayen biyu, saboda haka madubin na kwasar haske daga inda bai kamata ba yana jefa shi inda bai kamata ba. Abin da ya fi damuna shi ne mai motar ba ya sanin haka. Yana ganin gabansa ya yi fari tas, sai ya ɗauka ya samu biyan buƙata, alhali wannan hasken na kusa yana tsuke ƙwayar idonsa, abin da ke nesa ya ƙara ɓace masa. Wanda ke tahowa kuma an kashe masa ido, yana tuƙi a makance na wasu daƙiƙu, kuma kai yake nufowa. Mai babur da ya ɗauko matarsa da goyo, ko mai keke a gefen kwalta, ba su da abin da za su kare kansu da shi. Ni a wajena wannan haƙƙin mutane ne, kuma an sha yi mini, na san zafinsa. A Ingila motar da aka sa wa HID a gidan halojin ba ta tsallake binciken shekara-shekara. A dokar Turai ma, fitilar dim da ta haura lumen 2,000 sai an haɗa ta da abin wanke murfi da abin da ke daidaita tsayinta da kansa.

Muka yanke shawarar sa furojekta. Ƙaramin ƙoƙo ne mai gilashin ƙara girma a gaba, a tsakiya kuma akwai farantin ƙarfe da ke datse duk hasken da zai tashi sama. Na sayi mai inci 2.5 da ke cin ƙwan HID mai gindin da ake ce wa H1, irin mai dogon wuya da ake zurawa ta ramin tsohon ƙwai a ɗaure da noti ta baya. A nan akwai abin lura. Farantin yana da ɗan tudu da ke ɗaga haske a gefe ɗaya don a ga bakin titi. Mu a Najeriya tun 1972 hannun dama muke bi, haka ma Nijar, don haka namu dole ya ɗaga ta dama. Wanda aka yi wa Japan ko Ingila ta hagu yake ɗagawa, wato kai tsaye cikin idon mai tahowa. Kafin in biya sai da aka kunna mini shi a bango na gani. Kuɗin furojekta da na aiki sun fi na kwalin HID ɗin kansa, kuma a nan ne mutane da yawa ke ja da baya.

Farke gidan fitilar shi ne aikin da ya fi cin lokaci. An kwance bamba, an fito da fitilun biyu. Murfin a manne yake da wani baƙin danƙo, sai an bi gefensa da na'urar hura zafi a hankali har ya yi laushi, sannan a ɓamɓare. Baba bai bar wa yaro wannan ba. Da kansa ya riƙa zagayawa, yana taɓa robar da bayan hannu, yana sa bakin sukundireba kaɗan-kaɗan, domin in zafi ya yi yawa a wuri ɗaya robar ta narke, in ya yi kaɗan kunnuwan murfin su karye. Da aka ɗaura furojektocin bai rufe ba. Ya mayar da fitilun jikin mota a buɗe, ya kunna, ya yi ta murɗa kowanne har layin hasken ya kwanta sambal, don in an manne a karkace sai an sake farkewa. Daga nan ya ƙara sabon danƙo ya matse, ya bar 'yan ƙofofin shan iska na baya yadda suke, in ba haka ba da damina fitilar za ta riƙa yin gumi ta ciki.

Wajen wayarin ban yarda a jona balas a tsohuwar wayar fitila ba. Ko da yake wat 35 yake ci in ya zauna, a lokacin tashi yana fizgar wuta fiye da halojin. An jawo masa waya mai kauri daga batir, da fis ɗinta da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, tsohuwar wayar ta zama ba ta da aiki sai ba rile umarni. Motocin da aka yi wa Amurka da Kanada da yawansu suna da fitilar rana mai kunna kanta, a wasu kuma ƙwan dim ake ba ragaggiyar wuta. Tawa haka take, kuma balas ba ya son wannan, ƙifta ido zai yi ta yi har ya mutu, sai da aka kashe tsarin. Balas ɗin an ɗaure su da kusoshi nesa da zafin inji da inda ruwan masu wankin mota ke bugawa. Duk wanda zai taɓa wayar da ke tsakanin balas da ƙwai ya cire kan batir tukuna, kuma kada a taɓa gilashin ƙwan da yatsa.

Mai shago ya so in ɗauki wat 55 mai launin 8000K, ya ce shi samari ke yayi. Na ƙi duka biyun. Wat 55 yana gajarta ran ƙwai, zafinsa kuma kan cinye sheƙin ƙaramin furojekta. Lambar K kuwa launi take nufi, ba ƙarfi ba. Halojin yana wajen 3200K, HID ɗin da kamfanoni ke sawa tun daga masana'anta yana wajen 4300K, fari mai ɗan ɗumi. Da an haura 6000K sai shuɗi ya shigo, hasken ya ragu. A ƙasar da ake hazon hunturu, ƙura na tsaye a iska dare da rana, shuɗin haske wahalar da ido kawai yake yi, haka ma a jiƙaƙƙiyar kwalta. Na ɗauki 4300K.

Saiti shi ne na ƙarshe. Mun sami fili a miƙe, tayoyi da iskarsu daidai, na zauna a kujerar direba. Aka auna tsayin tsakiyar furojekta daga ƙasa, aka zana shi a bango da gawayi, aka ja motar baya mita 10, aka sauke layin hasken santimita 10 ƙasa da zanen.

A kan hanya bambancin a fili yake. Hasken ya bazu har kafaɗar titi, ina ganin mai tafiya a ƙasa da akuyar da ke shirin tsallakawa tun da sauran tazara, kuma masu tahowa ba sa yi mini ful don in rage. Ful ɗina na bar shi da ƙwansa na halojin 9005, kuma na ji daɗin hakan, domin HID na ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya cika, ba ya kuma son a riƙa kunna shi ana kashewa. Shi ya sa nake tayar da inji kafin in kunna fitila, don kada tayarwar ta kashe ta ta sake kunnawa.

Akwai abin da sai an saba. Layin furojekta kaifi gare shi, abin da ke samansa duhu ne sosai, in ka gangara kwari sai ka ga nisan ganinka ya gajarta, dole ka sassauta gudu. Ƙura a kan murfi tana watsa haske sama, ga shi ba ni da abin wankewa irin na Turai, sai na ajiye tsumma a ƙofa, duk inda na tsaya shan mai in goge. Kaya ma suna canza saiti. In na loda buhunan shinkafa a but, bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga, layin da aka sauke santimita 10 ya koma fuskar mutane. Baba ya nuna mini kusar saitin a bayan fitilar, in zan ɗauko nauyi da dare nakan sauke ta kafin in tashi, in na sauke kaya in mayar.

Ina kuma yawo da balas ɗaya da ƙwai ɗaya a mota, domin ba kowane gari za ka tsaya ka samu ba. In gefe ɗaya ya ɗauke, a musanya balas ɗin hagu da na dama: in matsalar ta bi shi ta koma ɗaya gefen, balas ne, in ta tsaya inda take, a duba ƙwai da soket. Ranar da ƙwai ya tsufa kuwa biyun ake canzawa tare, saboda launin HID yana sauyawa da tsufa, sabo da tsoho ba za su zo ɗaya ba.