Garantin motar hannu, na baki ne ko na takarda?

Duk wanda ya taɓa shiga filin sayar da motoci ya san wannan maganar, "Alhaji ɗauki kawai, injin da giya na ba ka garanti." Toh garantin kwana nawa, kuma in ta tsaya maka a hanyar Zariya wa zai biya kuɗin janwe? Kana yin wannan tambayar za ka ga dillali ya fara latsa waya.

Garantin kamfani dai a cire shi a lissafi. Toyota a Amurka tana ba sabuwar mota shekara 3 ko mil 36,000, duk wanda ya riga cika, injin da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai da Kia su ne masu shekara 10 ko mil 100,000 a kan injin da giya, amma na wanda ya fara sayenta ne, tana canza hannu ya koma shekara 5. Yanzu kai da za ka sayi Corolla 2010 'yar Kwatano, ai wannan garantin ya mutu tun kafin ta hau jirgin ruwa, kuma ko da saura, don kasuwar can aka yi shi ba don Kano ko Maraɗi ba. Ga shi da yawa daga cikin Beljiyam ɗin nan daga kamfanonin gwanjon motoci na Amurka irin su Copart ko IAAI suke, motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya cinye, inshora ta biya mai su ta sallama, kuma can ma yadda ka gan ta haka ake sayar maka.

Kenan abin da ya rage shi ne alkawarin mai filin, shi kuwa in ba a rubuta ba wallahi iska ne. Ni a ganina garantin sati biyu a takarda ya fi na wata shida a baki. A takardar ciniki a sa lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, a sa abin da mita ta nuna ranar, sannan a faɗi ƙarara me aka ɗauke maka, in injin ya fara shan baƙin mai ko giya tana fizga gyara zai yi, canza mota zai yi, ko kuɗinka zai dawo maka, kuma kuɗin aikin bakanike a wuyan wa yake, don nan ne rigima ta fi tashi, ya ce shi kaya kawai zai saya. Shaidu biyu su sa hannu, kar dillalin da ya ci la'ada ya zama shi kaɗai ne shaida. Taya, batir, birki da su shokazoba kuwa kar ma ka sa rai.

Masu cewa "ka fita da ita daga fili shikenan" su ma su sani, a fiƙihu in mai sayarwa ya san aibi ya ɓoye, mai saye na da damar mayarwa. A Najeriya kuma akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC mai aiwatar da ita, sai dai ko can ka je takarda za su fara tambayarka.

Kafin ka ba da kafin alƙalami ka zo da bakanikenka, ba na filin ba, da sassafe injin na sanyi. A sa mata kwamfuta, ku murɗa makulli ku ga fitilar injin ta kama sannan ta mutu bayan an tayar, don wasu cire ƙwan suke. Ya leƙa ƙasa ya duba ko indomin salansa, wato abin nan da ke tace hayaƙi, na nan, ya ɗaga kafet ya shinshina ko akwai warin ruwa. Takardun kwastam kuma a gwada lambar shasin da ke jiki da ta motar harafi bayan harafi.