Hutun da na kusa ƙararwa a cikin kwament

Sati biyu aka ba ni hutu a wurin aiki, kuma kusan wata shida ina jiransa, har na gama tsarawa a raina cewa barci zan rama, in zauna da yara, in ƙarasa wani littafi da na ajiye tun bara. Ranar farko da safe ko saukowa daga gado ban yi ba na laluba waya, sai naci karo da fostin ɗin wani tsohon ɗan ajinmu yana cewa duk uban da ya hana ɗansa waya kafin ya shiga sakandare to zaluntarsa yake, wai baya yake mayar da shi a zamanin da komai ya koma intanet. Abun ya sosa min rai saboda babbar 'yata shekararta 11 kuma har yau ban saya mata ba. Layi uku kawai na rubuta a ƙasa. Wallahi layi ukun nan su suka cinye min kwana uku.

Ya ba ni amsa na mayar masa, ya sake na sake, sai ga wasu mutane da ban taɓa gani ba sun shigo, wannan yace kaina bai waye ba, waccan tace irinmu ne muke sa yara su je su koya a ɓoye, wasu kuma suka tsaya min suna zagin mutumin da ni ban zaga ba, kuma na kasa ce musu su bari don ina jin daɗin an goya min baya. Ina wanka ina tsara amsa a kaina. Ƙaramin yarona yana jan rigata in zo in ga abun da ya zana, nace masa bari ina zuwa, ban je ba. Wannan shi yafi ci min rai har yanzu.

Daren rana ta uku na buɗe Digital Wellbeing, wurin nan da Google ta saka a Android tun 2018 da yake nuna maka lokacin da ka ɓata a waya (masu iPhone nasu Screen Time ne, shi ma shekarar ya fito), naga sama da awa bakwai a rana ɗaya, kusan awannin da nake yi a ofis kenan, a cikin hutun da nace zan huta.

Dama na taɓa karanta labarin Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook da ta fitar da takardun cikin gida a 2021, inda aka gano cewa daga 2017 alamun nan na dariya da mamaki da fushi makinsu ya ninka na layik sau 5 wurin zaɓar abun da za a tura gaban mutane, kafin daga baya a rage na fushin. Shi kuma tsarin nan da kake ta jawo sikirin da yatsa fostin ba ya ƙarewa, wani mai tsara manhaja Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya da bakinsa ya nuna nadama. Duk na san wannan amma bai hana ni komai ba, don babu wanda ya riƙe min yatsa, ni nake dannawa da hannuna, kuma abun da yake ja na ba neman gaskiya bane, so nake 'yan kallo su ga maganata ce ta ƙarshe.

Rana ta huɗu na nemi lambar tsohon ɗan ajin namu na kira shi. Da ya ɗaga muryarsa a ɗaure take, nace ɗan uwa ni fa ba faɗa na kira mu yi ba, ya iyali? Ya ɗan yi shiru sannan yayi dariya, muka gaisa kamar da. A nan ne yake gaya min ɗansa ba a wurinsa yake ba, yana can nesa wurin mahaifiyarsa tunda suka rabu, kuma wayar nan ita ce kaɗai hanyar da yake ganin fuskar yaron ta kiran bidiyo, to duk wanda yace kar a ba yaro waya ji yake kamar ana cewa a raba shi da ɗansa. Kwana uku muna rubutu bai faɗi wannan ba, kuma ya za a yi ya faɗa a gaban ɗaruruwan mutane? Ni ma ban taɓa rubuta cewa tsoro ne yake damuna ba, tsoron abun da baƙon namiji zai iya turo wa yarinya a inbos. Minti ashirin muka yi, bai canza ra'ayi ba ni ma ban canza ba, amma na kashe wayar zuciyata wasai.

Bayan nan na gwada dabaru. Goge manhajar da muka yi musun a cikinta bai yi min aiki ba sam, washegari na tsinci kaina ina shiga ta burawuza. Abun da yayi aiki shi ne kashe duk wani notifikeshan banda kira, da mayar da sikirin baƙi da fari yadda jan ɗigon nan baya fizgar ido, da kuma sa caji a wani ɗakin ba kusa da gado ba. Wanda yafi duka kuma, in raina ya ɓaci sai in rubuta amsar a not ɗin waya in bar ta ta kwana, da safe in sake karantawa. Guda biyar na rubuta a sauran kwanakin hutun, ɗaya kaɗai na tura, ita ma sai da na cire rabinta.

Littafin dai ban gama shi ba, saura babi huɗu. 'Yata har yanzu ba ta da waya, amma na zaunar da ita na gaya mata dalilina, abun da ban taɓa yi ba sai dai ince a'a kawai, ta tambaye ni to sai yaushe, nace in ta shiga sakandare mu sake zama, taje ta rubuta a bayan littafinta don kar in manta.