Ranar da asfirin ɗina ya wuce ɗari bisa ɗari

A watan Janairu muka fara kwas ɗin haɗa sinadarai, ina aji uku a jami'a a nan Jos. Sanyi ne irin wanda yatsu ke ƙin lanƙwasuwa, ga shi aikin na buƙatar hannu mai natsuwa. Aikinmu na farko shi ne asfirin, maganin da Felix Hoffmann ya haɗa a kamfanin Bayer na Jamus a 1897.

Na auna giram 2 na salisilik asid, sinadarin da ake sauyawa ya zama asfirin, na zuba asetik anhaidraid da ɗigo biyar na fosforik asid, na sa kwalbar cikin ruwan zafi. Ruwan yana ta tafasa, amma ma'aunin zafi ya tsaya a wajen digiri 96. Na ɗauka ya lalace. Baba, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, ya ce lafiyarsa ƙalau: Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa ruwa ke tafasa kafin ya kai 100. Duk tsawon zamana a garin ban taɓa lura ba.

Bayan minti goma sha biyar na zuba ruwa kaɗan, warin ruwan kal ya turnuƙe, na tsoma kwalbar cikin ƙanƙara. Shiru. Na maƙwabtana sun yi fari fat, nawa ruwa zalla. Baba ya miƙo mini sandar gilashi.

"Ɗana, kankare cikin kwalbar, a hankali."

Ina kankarewa sai ga ƙwayoyi farare kamar allurai suna fitowa, suna yaɗuwa. Har yau ina jin daɗin da na ji a lokacin.

Wajen awo ne na kwafsa. Bisa lissafi, giram 2 ba zai ba da fiye da giram 2.6 na asfirin ba, ni kuwa na samu 2.9. Ina murna na kai wa Baba. Ya danna garin a kan takardar tacewa, ta jiƙe.

"Ruwa ka auna," in ji shi.

Ya sa na ɗiga ferik kuloraid, wani sinadarin gwaji, a kan kaɗan daga ciki, nan take ya rikiɗe shuɗi mai ja-ja, alamar akwai sauran salisilik asid da bai sauya ba. Wani abokina ya ce in rubuta kashi 85 kawai, wa zai bincika? Gaskiya zuciyata ta so hakan, don la'asar ta yi, ga yunwa. Amma magani ne muke koyon haɗawa, abin da wata rana zai shiga cikin mutum.

Na sake narkar da shi a itanol mai ɗumi, na bar shi ya huce da kansa, na tace, na shanya har mako ya zagayo. Giram 1.7 ya rage, kashi 65 ke nan. Ferik kuloraid bai sauya launi ba, garin kuma ya narke tsakanin digiri 134 da 135, kamar yadda tsantsar asfirin ke yi. Baba ya duba ma'aunin da idonsa, sannan ya sa hannu a littafina.