Shingayen da sai daga sama ake gane su

Na sha bin hanyar Madina zuwa Khaibar, baƙaƙen duwatsu kawai nake gani. Jiya ƙanena ya nuna min hoton wurin daga sama: dogayen shingaye masu kusurwa huɗu, ana kiransu mustatil, sun haura 1,000 a arewa maso yammacin Saudiyya.

A gonakin Ingila, in aka duba daga sama, shuka ce ke tona asirin ayyukan mutanen da, don ta fi kore a kan tsohon ramin da ƙasa ta binne. Nan dutse ne a fili. Amma hoto siffa yake nunawa, ba shekaru ba. Sai da aka tono ƙahonin shanu a cikin wani mustatil kusa da garin Al-Ula aka auna shekarunsu: kimanin shekara 7,000. Shanu fa, 'yan'uwa! Ashe a lokacin akwai makiyaya da ciyawa a nan.