Zama a Kolkata a Ƙarƙashin Inuwar Swami Vivekananda

Duk baƙon da ya zauna a Kolkata, babban birnin jihar Bengal ta Yamma a gabashin Indiya, ba zai daɗe ba sai idonsa ya saba da wata fuska, ta wani matashi mai rawani da riga ruwan goro, wanda ya harɗe hannuwa a ƙirji yana kallon gefe. Hotonsa yana rataye a kantin magani da azuzuwan makaranta da gaban motocin haya, kuma tituna da makarantu da yawa sunansa suke amsawa. Shi ne Swami Vivekananda, ɗan zuhudun addinin Hindu da mutanen garin suke kira Swamiji kawai, ba tare da sun ƙara komai ba. Karatu ne ya kawo ni wannan birni daga Zariya, daga baya iyalina suka biyo ni, kuma a hankali na fahimci cewa sanin wannan mutum yana cikin abubuwan da suke sauƙaƙa wa baƙo zama da Bangalawa.

Neman gida shi ne ya fi ba ni wahala. Akwai masu gidajen da muka daidaita da su ta waya, amma da suka ga baƙar fata suka kuma ji sunan Musulmi, sai ɗakin ya zama an riga an bayar. A ƙarshe na samu wuri a unguwar Park Circus, inda Musulmi suke da yawa, ana jin kiran salla, ana kuma samun naman halal ba tare da yawo ba. Abinci bai dame mu sosai ba, domin shinkafa da kifi ne cimar Bangalawa, sai dai man mastad da suke girki da shi, wanda ya ɗauki maiɗakina watanni kafin ta daina yamutsa fuska. Harshe ne ya rage, domin Turanci yana kai mutum jami'a da banki, amma ba ya raba shi da mai kayan miya a kasuwa.

Neman harshen ne ya kai ni cibiyar raya al'adu ta Ramakrishna Mission, ƙungiyar da Vivekananda ya kafa, da ke unguwar Golpark, wadda take da babban ɗakin karatu da makarantar koyon harsuna, inda har Larabci ake koyarwa. A nan na fara ganin almajiran Vivekananda da idona, 'yan zuhudu masu askakken kai da tufafi ruwan goro, waɗanda ake kira Maharaj idan za a yi musu magana. Na yi zaton zan tarar da mutanen da suka juya wa duniya baya, sai na same su a ofis suna duba lissafin kuɗi, suna sa ido kan jadawalin darussa, suna kuma tsawata wa ɗalibin da ya makara.

Wannan haɗin zuhudu da aiki shi ne gadon da mutumin ya bari. An haife shi a arewacin Kolkata ranar 12 ga Janairun 1863, sunansa na yanka Narendranath Datta, mahaifinsa lauya ne. Ya yi karatun zamani har ya san falsafar Turai, kuma a ƙuruciyarsa mai yawan gardama ne a kan sha'anin addini, har ya haɗu da Ramakrishna, wani mai hidimar haikalin Kali, abar bautar Hindu, a Dakshineswar wanda ba shi da zurfin boko. Bayan rasuwar malamin nasa a 1886, sai ya shiga yawon ƙasar Indiya, galibi ba guzuri, yana kwana a fadar sarakuna yau, gobe a bukkar talaka. Abin da ya gani na yunwa da jahilci da wulaƙanta mutane saboda asalin haihuwarsu shi ne ya sauya alƙiblar wa'azinsa. Ranar 11 ga Satumban 1893 ya tsaya gaban taron addinan duniya a Chicago ta Amurka, ya buɗe jawabinsa da kiran mahalarta 'yan'uwa mata da maza na Amurka, kuma daga ranar sunansa ya zagaya duniya. Da ya dawo gida ya kafa Ramakrishna Mission a 1897, ya rasu ranar 4 ga Yulin 1902 yana da shekara 39.

Tushen koyarwarsa falsafar Vedanta ce, wadda take cewa ruhin da ke cikin kowane ɗan Adam ɗaya yake da hakikar Ubangiji. Malaman Hindu sun daɗe suna karantar da wannan a tsakanin masana, amma shi sai ya fito da ita kan titi, ya ce idan haka ne, to yi wa mayunwaci da majinyaci hidima ibada ce, kuma babu hujjar ƙyamar taɓa wani mutum saboda gidan da ya fito. Ya yi wa mutanensa ba'a mai zafi cewa addininsu ya koma cikin madafa, tukunya ta zama abin bautarsu, saboda tsananin damuwa da wanda ya taɓa abincin wani. Ya kuma kira duk wanda ya yi ilimi da gumin talakawa sannan ya manta da su maci amana, maganar da ta tsaya mini a rai a matsayina na wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa tun daga firamare. Taken ƙungiyar tasa shi ne neman tsiran kai tare da amfanin duniya, kuma tun lokacin annobar da ta afka wa Kolkata a ƙarshen ƙarni na 19 almajiransa suka fita share unguwannin talakawa da jinyar marasa lafiya, cikinsu har da Sister Nivedita, 'yar Ailan da ta buɗe makarantar 'yan mata a Bagbazar a 1898. Yau ƙungiyar tana gudanar da asibitoci da makarantu da aikin agaji a faɗin Indiya da wajenta.

Wani abokin karatuna Bahinde, wanda nake kira Dada, wato yaya a harshensu, saboda ya girme ni, shi ya kai ni hedikwatarsu ta Belur Math a gaɓar yamma ta kogin Hugli. Mun haye da jirgin fito, muka ajiye takalma a wurin ajiya, muka shiga babban haikalin da aka buɗe a 1938, wanda aka gina shi da gangan domin ya ɗauko fasalin haikalin Hindu da coci da masallaci a gini ɗaya. Da rana ana zaunar da ɗaruruwan mutane a jere a ƙasa, mai kuɗi kusa da mai jan keke, ana zuba musu dafa-dukan shinkafa da wake daga bokiti. Da aka miƙo mini, na ce wa ɗan zuhudun da ke kula da layin, “Maharaj, a gafarce ni, ni Musulmi ne, ba na cin abin da aka gabatar wa abin bauta.” Bai ɓata rai ba, ya gyaɗa kai, ya nuna mini inda zan zauna a inuwa har abokina ya gama.

A nan ne iyakata da koyarwarsa take. Ramakrishna ya koyar cewa addinai hanyoyi ne mabambanta zuwa wuri ɗaya, Vivekananda kuma ya yaɗa wannan a duniya, alhali Musulmi ba zai ce bawa da Mahaliccinsa abu ɗaya ne ba, ba zai kuma rusuna wa siffa ba. Na faɗa wa Dada haka ƙarara, shi ma ya faɗi nasa, kuma hakan bai hana shi zuwa cin naman Salla a gidana ba. Shi ne ma ya nuna mini wasiƙar da Vivekananda ya rubuta wa wani abokinsa Musulmi na garin Nainital a 1898, inda ya yaba yadda Musulunci ya tabbatar da daidaito tsakanin mutane a aikace, har ya ce fatansa ga Indiya shi ne ta haɗa ƙwaƙwalwar Vedanta da jikin Musulunci.

Maƙwabtana na Park Circus ba bakinsu ɗaya ba a kansa. Wasu suna ganin 'yan siyasar da ke son mayar da Indiya ƙasar Hindu zalla sun mayar da hotonsa tutarsu, suna ɗaukar kiransa na ƙarfi da alfahari da addini, suna barin abin da ya faɗa game da talakawa da sauran addinai. Wasu kuwa suna tuna cewa asibitin ƙungiyar na Seva Pratishthan yana karɓar majinyaci ba tare da duba addininsa ba, kuma tun kafuwarta ta shata cewa ba ruwanta da siyasa. A ganina duka biyun gaskiya ne, domin masu gidajen da suka hana ni haya ma akwai hotonsa a falon wasunsu. Ranar 12 ga Janairu, wadda gwamnatin Indiya ta ayyana a 1984 a matsayin ranar matasa ta ƙasa, makarantar ɗana takan shirya gasar jawabi a kan rayuwarsa. Na bar yaron ya shiga, bayan mun zauna mun zaɓi batun ilimin talakawa, muka kuma yi magana a kan abin da za mu iya yabawa da abin da aƙidarmu ba ta yarda da shi ba.