Macizan gata da kifin da na ba su

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ɗakin dabbobi masu jan ciki, bayan shekara biyu ina aikin wucin gadi a wani shagon sayar da dabbobin gida a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba na Kanada, inda nake karatu. Abokan aikina sun san ni aka bar wa macizan da Turawan nan ke kira gata, wato ƙananan macizai masu ratsi a gadon baya na dangin Thamnophis. Sunan ba shi da alaƙa da gatan da muka sani a Hausa, kuma a hannunmu ba su sami gatan ba.

Da na fara aiki, shugabar sashenmu ta ce in riƙa ɗebo musu ƙananan kifayen ado masu ruwan zinariya daga tankin bayan shago, domin suna da arha kuma macizan na rububinsu. Ban tambayi dalili ba, na yi wata biyar ina bin umarnin. Wata safiya na tarar da babbar macen, wadda ta haifa mana 'ya'ya 11 (wannan maciji haihuwa yake yi, ba ya saka ƙwai), kanta yana karkarwa, tana birkicewa rigingine, in ta kai wa abinci cafka sai ta kuskure. Tambayar farko da likitan dabbobi ya yi mini ita ce me take ci. Ya bayyana mini cewa irin wannan kifi yana ɗauke da sinadarin tiyaminas, wanda ke lalata bitamin B1, kuma idan maciji ya daɗe ba ya cin komai sai shi, jijiyoyinsa ne ke fara taɓuwa. Ko an daskarar da kifin a firiza sinadarin yana nan daram. Ya yi mata allurar bitamin, amma mun makara, ta mutu bayan kwana biyu.

A taron ma'aikata shugabar ta ce wanda ke ciyarwa shi ya kamata ya yi bincike. Umarnin da baki ta ba ni, babu inda aka rubuta shi, don haka takardar gargaɗi a fayil ɗina aka saka ta. Na karɓi rabona na laifin, domin duk wani bayanin kiwon gata na kirki ya ambaci wannan kifi, ni ne ban karanta ba. Sai dai laifi tudu ne, kuma ita ta taka nata ta hango nawa. Tun daga ranar ban sake karɓar umarnin ciyarwa ba sai an rubuta shi a littafin ɗakin, da sunan mai ba da shi.

Na mayar da sauran macizan ga cin karfasa, wadda muke ci a gida, tare da tana da jariran ɓera da aka narkar daga ƙanƙara. Tsokar kifi ba ta da ƙashi, sai an barbaɗa mata garin kalsiyam. A daji, kamar a ramukan Narcisse da ke arewa da Winnipeg, inda dubbansu ke fitowa a farkon Mayu, kwaɗi da tana da matsattsaku duk abincinsu ne, ba abu guda ba.

Sauran darussan gajeru ne. A raba su lokacin ciyarwa, domin biyu kan kama loma ɗaya har babba ya fara haɗiye ƙarami. A bar musu kwanon ruwa amma shimfiɗarsu ta zama busasshiya. A danne murfin akwati, don ƙaramar kafa ta ishe su sulalewa.

Littafin ɗakin yana aljihun tebur na biyu, kuma a shafin farko na jera da jan biro kifayen da ba a bai wa macizan. Na ga shugabar tana nuna wa masu saye wannan shafi a matsayin ƙa'idar shago, ba ta taɓa faɗin wanda ya rubuta shi ba.